Jan Allin Malam Gidado

Ni ne Haliru mai fenti,
rumfata na bakin titin Marina.
Rabin allunan shagunan unguwar nan
hannuna ne ya rubuta su,
rabin kunyar da ke jikinsu ma tawa ce.

Malam Gidado ya koyar da Turanci
shekara talatin da biyu, ya ajiye alli,
amma allin bai ajiye shi ba.
Kullum bayan la'asar
sai ga shi bisa tsohon kekensa,
tabarau ɗaure da zare,
jan alli a aljihun gaba.
Kafin ya gaisa da ni,
allo yake fara gaidawa.

"Wanga fa?"
Na ce na mai gyaran waya ne.
"Refair? Kai, Haliru!
Leɓenka ya yaudari hannunka.
P daban, F daban,
ko da bakinmu ya ɗaura masu aure.
Rufe leɓe, ka sake shi da ƙarfi: repair."
Na gwada, yawu ya sauka a ɗanyen fenti.

Na kafinta ya biyo: furnitures.
Ya daɗe yana hararar S ɗin nan
kamar baƙon da ya zo walima ba gayyata.
"Wagga kalma ruwa ce, ba a ƙirga ta.
Ita da advice, da luggage,
ko sun cika babbar mota
ba su ɗaukar wutsiya."

Ni kuwa ina son 'yar ƙugiyar nan ta sama,
ina barbaɗa ta kamar yaji a tsire.
Shoe's for sale.
"Takalmin me ya mallaka?
Ƙugiya ta mai abu ce, ba ta yawa ba.
Goge."
Na goge.
Kananzir ya ƙare, haƙurinsa bai ƙare ba.

Wata makaranta a Mabera ta ba ni aiki:
Slow children crossing.
"Ka zagi ɗiyan mutane,
ka ce masu nawa ne ke ƙetare titi.
Ɗiga waƙafi bayan slow,
direba ya taka birki,
yara su wuce da mutuncinsu."

Amma babbar ta'asar
a karofin Alhaji Modi na tafka ta.
Sati uku allo na rataye bisa ramukan baba,
shuɗin harafi, katon gaske:
We are dying here.
Ran nan na fara ganin haƙoran Malam.
Ya jingine keke, ya dafe ciki,
har tabarau ya zamo.
"Ka kashe marina kaf da rashin E guda!
Dyeing rini, dying mutuwa."
Modi ya tsamo hannu daga baba, ya dubi allon,
ya dubi turamen da ba mai taya su,
ya ce, "Bar shi, Malam. Yaron bai yi ƙarya ba."

Duk da haka na hau tsani na cusa E,
a matse, a karkace,
kamar fasinja na bakwai a tasi.

Bara, tsakiyar bazara,
lokacin da kwalta ke kama takalmi,
la'asar ta yi, keke bai zo ba.
Ta sake yi.
Ran sadakar uku ɗiyarsa Inno
ta aiko mini da ƙulli:
jan alli huɗu da guntu,
da ƙamus marar bango, mai warin man zafi.

Ya taɓa ce mini, yana karkaɗe hannu,
mutuwa waƙafi ce, ba aya ba,
jimlar tana ci gaba a wani shafin.
Ban tanka ba, ina haɗa kore da fari.

Yanzu kafin buroshi ya taɓa katako
sai na buɗe ƙamus, na lashi yatsa.
Jiya a Runjin Sambo na hangi their
zaune inda there ya kamata ya zauna.
Kafin in ankara, hannuna ya shiga aljihu.
Allon ma ba ni na rubuta shi ba.